Jakar da Za a Buɗe da Wadda Za a Rufe a Sabar Yanar Gizo

Saba ita ce kwamfutar da ke ajiye shafukan yanar gizo, tana miƙa su ga duk wanda ya nema. Fayilolin da ke cikinta a jakunkuna suke. To, idan mai ziyara ya rubuta adireshin jaka bai ambaci sunan fayil ba, me za a nuna masa?

Manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, takan fara neman fayil ɗin da aka keɓe don tarbar baƙi, galibi mai suna index.html. Idan ta same shi, shi take nunawa. Idan babu, kuma an ba ta izini, sai ta jero sunayen fayilolin da ke cikin jakar kowa ya gani.

Wannan jeri yana da amfani, yana kuma da haɗari. A ɗauka sashen nazarin halittu na wata makaranta yana da jakunkuna biyu. Ta farko tana ɗauke da hotunan ƙwayoyin halitta da ake so ɗalibai su kwafa, don haka jerin zai sauƙaƙa musu. Ta biyu kuwa tambayoyin jarrabawa ne a ciki, kuma idan aka jero su, asiri ya tonu. Kamar yadda fatar ƙwayar halitta ke barin wasu abubuwa su wuce ta tare wasu, haka ake so saba ta riƙa tantancewa.

Ga yadda ake yi. Da farko a rufe jerin gaba ɗaya ta hanyar rubuta umarnin Options -Indexes a babban fayil ɗin saiti. Daga nan duk wanda ya leƙa jakar da ba ta da index.html zai gamu da lamba 403, ma'ana an hana shiga. Sannan a jakar hotuna kaɗai a ajiye ƙaramin fayil mai suna .htaccess, a rubuta Options +Indexes a ciki. Sai a lura da abu biyu: umarnin zai shafi ƙananan jakunkunan da ke ƙarƙashinta, kuma ba zai yi aiki ba sai mai kula da sabar ya amince ta umarnin AllowOverride. Ita kuwa manhajar Nginx, wadda ta fito a 2004, a rufe take zuwa da jerin, sai an rubuta autoindex on ga jakar da ake so.

Amma fa ɓoye jeri ba kulle ba ne. Duk wanda ya san sunan fayil, ko ya cinka daidai, zai iya ɗaukarsa. Saboda haka tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai sai an sa musu kalmar sirri, ko ma a ajiye su a wajen jakunkunan da saba ke nuna wa jama'a.