Filin Gwaggo: Kada Ka Sayar Da Babur Don Kurar Kyamara

 Ni matashi ne ɗan shekara 23. Da safe ina kai wa masu shaguna kaya a kan babur ɗin da Yayana ya saya mini, da yamma kuma ni da abokaina uku muna ɗaukar gajerun finafinai muna sakawa a YouTube. Labaranmu ba laifi, amma duk wanda ya kalla sai ya ce hotonmu a sandare yake kamar na fasfo, idan kuma na ɗauki kyamarar a hannu na bi jarumi sai ta riƙa rawa. Kwanaki na je kallon ɗaukar wani fim, na ga ana tura kyamara a kan dogo, abin da suke kira doli. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Na tambayi kuɗinsa, ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Zuciyata na raya mini in sayar da babur ɗin in saya, daga baya in sanar da Yaya. Me kike gani?

Ɗanki daga Gwale, Kano

 Kada ka taɓa babur ɗin nan. Amana ce a hannunka, kuma shi ne ke saya maka data da abincin da kuke ci a wurin ɗauka. Ranar da ka sayar da shi a bayan idon Yayanka, ka rasa abin hawa, ka rasa sana'a, ka kuma rasa yardar mutumin da zai tsaya maka gobe. Wannan maganar ta ƙare.

Sha'awar taka kuwa ban ga laifinta ba, idonka ya ga gaskiya. Idan ka jawo hoto da zum, girma kawai yake yi, komai na nan inda yake. Idan kuwa kyamarar ce da kanta ta taka zuwa wurin mutum, sai ka ga ƙofar da ke gaba ta wuce da sauri, bangon da ke baya yana binta a hankali, mai kallo ya ji kamar shi ne ya shiga ɗakin. Tun 1914 wani Ba'italiye, Giovanni Pastrone, ya ɗora kyamara a kan keke a fim ɗinsa Cabiria don ya sami wannan. Na yi shekaru a gidan talabijin kafin in koma rubutu, kuma abin da na gani da idona shi ne doli kura ce kawai, irin ta mai ruwa, sai dai ita an shimfiɗa mata hanya mai santsi. Kafinta da mai walda na unguwarku za su haɗa maka ita a yini biyu.

Ka fara da tayoyi, domin su ne ran abin. Ka nemi takalman taya na yara a wurin 'yan gwanjo, ko da takalmin ya yage, tayar kake so. Tayoyi takwas sun isa. Kafin ka biya, ka juya kowace da yatsa ka kara a kunne: wadda ta juya shiru ka ɗauka, wadda ke ƙara kamar akwai yashi a ciki ka ajiye. Boris ɗin irin waɗannan tayoyi, mai lamba 608, raminsa milimita 8 ne, don haka ƙusa mai noti 'yar milimita 8 za ka saya, ba sai an yi ta gwaji ba.

Daga nan ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi guntun ƙarfe mai kusurwa, irin wanda ake ƙera gado da shi, a yanka maka gida huɗu, kowane kamar tsawon tafin hannu. A kowane guntu mai walda zai huda rami ɗaya a kowane gefe, a ɗaura taya biyu, ta yadda idan aka kifa ƙarfen tayoyin za su buɗe ƙafa su rungumi bututun dogo daga hagu da dama. Nan ne asirin yake. Tayar da ke tsaye a kan bututu zamewa za ta yi, amma biyu da suka kama shi a karkace ba inda za su je sai gaba ko baya. Ka tsaya a kansa lokacin da yake hudawa, ka sa ya auna, don idan rami ɗaya ya kauce, taya ɗaya za ta rataye a iska, kurar ta riƙa ɗingishi. Gutsattsarin nan huɗu za a ɗaure a ƙarƙashin kusurwoyin katako mai kauri, faɗinsa kamar santimita 60, tsawonsa 90. Kada ka yarda kafinta ya faɗaɗa maka shi don burgewa, sai ranar da za ku bi jaruma daga tsakar gida zuwa ɗaki za ka tarar ba ya shiga ƙofa.

Dogon kuwa bututun roba ne na masu aikin famfo, mai inci ɗaya da rabi, mai kaurin jiki, guda biyu. In kana son ƙara tsawo, ka cusa guntun sanda a cikin bakin biyun su haɗu daga ciki. Kada ka sa mahaɗin da ake sawa ta waje, taya za ta yi tuntuɓe da shi, kuma duk tuntuɓe sai ya fito a hoto. Bututun roba ba ya son ranar Kano: in ka bar shi a jingine da bango tsakar rana zai lanƙwashe, ba kuma zai dawo daidai ba. A kwance a inuwa ake ajiye shi.

Saura abin da kuɗi ba ya saya. Ka share ƙasa tas, ka goge bututun da tsumma, tsakuwa ɗaya tana ɓata ɗauka. Inda ƙasa ta yi kwari ka cusa guntayen katako. Ka ɗora buhun yashi ƙarami tsakanin ƙafafun sandar kyamara, domin kura mara nauyi rawa take yi. Sannan ka cika kofin shayi da ruwa har baki, ka ajiye a kan katakon, ka ce wa wanda zai tura ya kai shi ƙarshen dogo ya dawo ba tare da ɗigo ya zuba ba. Ya cire takalmi, ya ɗan durƙusa, ya fara a hankali kamar mai fita daga ɗakin da jariri ke barci, ya tsaya a hankali. Ku yi alama da gawayi inda zai fara da inda zai tsaya. Cikin ku huɗu akwai mai sanyin hannu, ba lalle ne kai ba, kuma in ka same shi ka riƙe shi da kyau. Lokacin hunturu ƙura za ta shiga boris, ka wanke da kananzir ka ɗiga man keken ɗinki, in ba haka ba ƙararsa za ta shiga cikin maganar 'yan wasa.

Abu ɗaya nake jiye maka. Duk wanda ya sami sabuwar kura sai ya tura ta a kowace fitowa, har mai kallo ya ji jiri. Ka bar kyamara ta tsaya cik lokacin da ake gaisuwa da shan ruwa. Ka adana tafiyar sai inda uwa ta gane ɗanta ƙarya yake mata, a nan ka matsa kan fuskarta taku biyu kawai. Kuma ka kai wa Yaya fim ɗin farko da kuka ɗauka da ita, ka gaya masa har abin da ka so yi da babur ɗin.

Gwaggo, ina wuni? Ina ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, kamu da wuni da sauransu. Na ga masu shimfiɗa bututu, amma gidan biki cike yake da jama'a da tabarmi, ba wurin dogo. Wata ƙawata ta ce in riƙa ɗaukar keken guragu na kakarmu, tunda ba kullum take fita ba. Ya halatta in yi haka?

'Yarki daga Damagaram

Lafiya lau 'yata. Ƙawarki ta faɗi dabara ta gaske. A fim ɗin Faransa na Jean-Luc Godard da ya fito a 1960, wanda aka fi sani da Breathless, a keken guragu aka zaunar da mai ɗaukar hoto Raoul Coutard ana tura shi. Robert Rodriguez ma da keken da ya aro ya ɗauki El Mariachi a Meziko, fim ɗin da ya ci kusan dala 7,000 kacal, ya fito a 1992. Manyan tayoyin keken guragu suna haye ƙananan ramuka, kuma yana juyawa a wuri kaɗan. Ki zauna, ki manne gwiwoyin hannunki a jikinki, ki sa matashi a cinya, wata mai natsuwa ta tura ki. A kan siminti ko tayil yana tafiya lafiya, a cikin rairayi kuwa nutsewa yake, can gara ki taka da ƙafarki.

Amma na Kaka ki bar mata. Wannan keken ƙafafunta ne, ko da sau ɗaya take hawa a mako, kuma tsoho ba ya iya ce wa jika a'a ko ransa bai so ba. Biki kan kai dare, buƙatar asibiti kuma ba ta sallama. Ki nemi tsohon keke da aka daina amfani da shi a wurin masu gyara, ki sa a canza masa boris, ki biya daga kuɗin biki biyu ko uku. Ki gaishe mini da Kaka.