Filin Manoma: Inabin Da A Ke Kira Zibibbo

Wanda ya taɓa sayen zabibi a Kasuwar Kurmi ya riga ya san sunan wannan inabi. Kalmar ta Larabci ce, watau busasshen inabi. Hausawa suka ara suka ce zabibi, mutanen Italiya kuwa suka ce Zibibbo, suka laƙaba wa wani farin inabi mai ƙamshi, wanda a wasu ƙasashe a ke kira Muskat na Iskandariyya.

Inda ya fi suna shi ne wani ɗan tsibiri, Fantelleriya, ƙasar Italiya ce amma ya fi kusa da Tunis. Wurin ga duwatsu, ga iska mai ƙarfi, ga ƙarancin ruwa. Don haka manoman can su kan haƙa ɗan rami su dasa kurangar a ciki, su riƙa datse ta don kada ta yi tsawo iska ta karya ta. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan dabara cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. 'Ya'yan manya ne, kore-kore mai ɗan rawaya, da ƙwallo a ciki. A kan fara tsinka a watan Agusta, a shanya a rana makonni. Daga busasshen su ke yin wata giya mai zaƙi, Passito. To, wannan ba kasuwar Kano ba ce, addini ya hana, hukuma ma ta hana. Abin da ya shafi manomin nan shi ne ɗanyen da zabibin.

Ga inda mutum zai yi kuskure. A can damina da sanyi tare su ke zuwa, inabi ya nuna cikin rani. A Kano kuwa Agusta ne tsakiyar ruwa. Inabin da ya nuna a marka fashewa ya ke yi ya ruɓe, ganyen kuma ya yi fumfuna. Lalle sai an juya lissafi: a yi babbar datsa da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, a yi ta ban ruwa cikin hunturu, a tsinka kafin bazara ta ƙare. Manoman Kudan kusa da Zariya da rani su ke samun nasu.

Ba a shuka ƙwallon, reshe a ke yanka a kafa. Mai gida a cikin birni, ko a Jakara ko a Dala, kuranga ɗaya ta ishe shi, ya ɗora ta bisa rumfa a tsakar gida inda rana ke samu. Sai dai ya kula da gara, ya kuma nisanta ta da ruwan kwata, don saiwarta ba ta son kwanciyar ruwa.

Ɗan kasuwa shi ma ya yi lissafi kafin ya shanya: wajen kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na zabibi. In kuɗin zabibin bai ninka na ɗanyen sau huɗu ba, gara ya sayar ɗanye.