Amsoshin Tambayoyinku: Gwaji Ya Nuna IgG Na Denge a Jinin Ƙanena

TAMBAYA: Ƙanena manomi ne a wajejen Kwanar Ɗangora. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ga ciwon kai ga ciwon gaɓoɓi, an yi gwajin maleriya ba a ga komai ba. Ranar da ya kwana uku muka kai shi wani ɗakin gwaji a Kano, takarda ta fito an rubuta IgG na denge akwai, IgM babu. Hankalin gida ya tashi. Shin denge ce ke damunsa?
Daga wani mai karatu a ƙaramar hukumar Kiru.

AMSA: Allah Ya ba shi lafiya. Takardar da ke hannunka ba ta tabbatar da denge ba, ba ta kuma kore ta ba.

Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba. Abin da yake dubawa shi ne sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa idan cuta ta shige shi, kuma iri biyu ne. IgM shi ne na gaggawa: yakan fara bayyana a kwana na 4 ko na 5 da soma zazzaɓi, ya ɗauki kamar wata 3 kafin ya ɓace. IgG yakan zo daga baya, amma idan ya zo ya zauna ke nan, shekara da shekaru. Kamar sawun shanu ne a gona: ya nuna garke ya bi ta nan, bai faɗi ko jiya ne ko makon jiya ba.

To, ka ga jinin ƙanenka a kwana na uku aka ɗiba. IgM bai isa fitowa ba, saboda haka rashinsa ba hujja ba ne. Shi kuwa IgG, yana iya zama na denge da ya yi tun yana yaro ba wanda ya sani, domin akasarin masu kamuwa ba sa jin komai, ko su yi ɗan zazzaɓin da za a kira maleriya a wuce. Yana kuma iya zama ba na denge ba ne sam. Denge da cutar shawara da Zika dangi ɗaya ne, gwajin kan rikita su. A Najeriya ana yi wa jarirai allurar rigakafin shawara a wata 9, an kuma sha yi wa manya a gangami, kuma wannan allura kaɗai tana iya sa IgG ya nuna.

Akwai fuska ta uku, ita ce ta sa ba zan ce ku saki jiki ba. Denge iri 4 ce. Wanda ya yi ɗaya ya tsira daga ita, amma sauran ukun na iya kama shi, kuma kamu na biyu ya fi haɗarin tsananta. A irin wannan hali IgG yakan tashi da wuri, IgM ya yi ƙasa ko ma a rasa shi. Abin da zai raba gardama a makon farko shi ne gwajin da ke neman cutar kanta, wato NS1 ko PCR. In mako ya wuce, sai a sake ɗibar jini a ga ko IgM ya fito. Abin yana damuna yadda ake miƙa wa mutum takarda ba a tambaye shi ranar da ciwo ya fara ba. Haka muka daɗe muna fama da gwajin Widal, kowa ya je sai ya dawo da taifot.

Denge ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a shekarun 1960 aka gano ta a Ibadan. A Nuwamban 2023 ta ɓulla a Sakkwato, hukumar NCDC ta sanar da mutum 71 da ake zargi, 13 aka tabbatar, babu wanda ya rasu. A shekarar ce kuma ta kashe mutum sama da 700 a Burkina Faso.

Sauro ne ke yaɗa denge, amma ba kowane sauro ba. Mutanen Bebeji kan ɗora laifin kowane sauro a kan madatsar Tiga da gonakin shinkafa. Sauron da ke fitowa daga can na maleriya ne. Sauron denge baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba, kuma a cikin gida yake ƙyanƙyasa: randar da ba murfi, duro, kaskon kaji, tsohuwar taya a bayan ɗaki da ruwan sama ya kwanta a ciki. A Tudun Wada da Doguwa, inda damina ke da ƙarfi, duk mazubin da aka bari a fili gidansa ne. A riƙa juye su ana wankewa duk mako.

Yanzu ga abin da ya fi takardar muhimmanci. Denge ba ta da magani na musamman. A ba shi farasitamol, ya sha ruwa da kunu da ruwan gishiri da sukari, ya huta. Kada a karɓo masa asfirin ko ibuprofen ko diclofenac a kemis, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Ku sa masa ido sosai a kwana ɗaya zuwa biyu bayan jikin ya yi sanyi, lokacin ne denge ke juyewa. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, ko ya galabaita ya kasa zama: ko ɗaya kuka gani, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi da zubar jini na iya zama Lassa ma.

Ka mayar da shi wurin likita da takardar, a babban asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka faɗi ranar da zazzaɓin ya fara, da ko an taɓa yi masa allurar shawara. Ka roƙa a yi NS1 da cikakken gwajin ƙwayoyin jini, a kuma ci gaba da neman wasu dalilan zazzaɓin. Kada ku jira sai ya yi tsanani, Malam, ku je gobe da safe.