Abin da Tamowa Take Yi a Cikin Jikin Yaro

Ya ku ɗalibai masu koyon aikin jinya da na likita, ku sani cuta ba ta faɗo wa mutum a dunƙule. Tana da mafari, tana da hanyar da take bi, ta taɓa wannan gaɓa, ita kuma gaɓar ta jawo wa waccan. Wanda ya haddace sunan cuta da sunan maganinta kawai, bai san wannan hanya ba, wata rana da hannunsa zai yi ɓarna yana ganin taimako yake yi. A ƙasar Katsina babu ciwon da ya fi koyar da wannan darasi kamar tamowa, saboda haka ita za mu bi sannu a hankali.

Ba baƙuwarku ba ce. Tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar yara masu tamowa a jihar nan, har da cibiyarta ta Ƙofar Sauri. A watan Yulin 2025 ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin watanni shidan farko na shekarar. Abin ya fi tsanani da damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ga sauro, ga gudawa.

To, me ke faruwa a ciki? Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki yakan yi irin abin da magidanci yake yi in rumbunsa ya yi ƙasa: ya fara cin ajiya, ya sayar da awaki, ya rage tukunya, ya sallami ɗan aiki. Kitse ne yake fara tafiya, sannan tsoka. Shi ya sa ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da igiyar awo; in ya gaza santimita 11.5, igiyar ta nuna ja, tamowa ta yi tsanani. Daga nan kowace gaɓa sai ta rage aikinta don a tsira da rai. Wannan ragin aiki shi ne tushen duk abin da za ku gani a gadon asibiti.

Ku fara da zuciya, don a nan aka fi yin kuskure. Zuciya tsoka ce, ita ma ta rame tare da cinya da damtse. Ban da wannan, kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da aikin fitar da sodiyam waje da riƙe fotasiyam a ciki, aiki ne kuwa mai cin ƙarfi ƙwarai. Da tamowa ta kama, sai aikin ya yi sanyi, sodiyam ya taru a ciki, fotasiyam ya zube ta fitsari. Ƙoda kuma ba ta iya fitar da rarar gishiri da ruwa da sauri. Yanzu a kawo muku yaro yana gudawa, ido ya faɗa, fata ta yamutse. Uwa tana cewa, “Nas, a taimaka a yi masa ƙarin ruwa.” Ɗalibi ma abin da ya zo masa a rai ke nan. Amma faɗawar ido da yamutsewar fata a wurin wannan yaro suna iya zama na rama kawai. In aka ɗaura masa leda aka sake ta, ruwan zai fi ƙarfin zuciyarsa, ya koma huhu, numfashi ya yi sama-sama. Don haka ba a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya sai in ya shiɗe, kuma ba a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na kowa. Akwai nasa, ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam, a ba shi kaɗan-kaɗan ana ƙirga bugun zuciya da numfashi.

Haka nan kumburi. Danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In gurbin yatsan ya zauna, tamowa mai kumburi ce, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a Akara a 1933. Kada ƙibar ta ruɗe ka, kada kuma ka nemi maganin sa fitsari don ya saɓe. Zai ƙara zubar da fotasiyam ɗin da ya rage.

Sai hanta. Ita ce ma'ajiyar sukari, ta kuwa zama wayam, shi ya sa in yaron ya yi 'yan awoyi bai ci ba sukarin jininsa yake faɗuwa. Kitsen da ke tare masa sanyi ya tafi, jikin kuma ya rage samar da ɗumi. Faɗuwar sukari da sanyin jiki tare suke zuwa, sun kuma fi zuwa da tsakar dare, musamman da hunturu. A ganina, ma'aikacin jinyar da ke tashin uwa ƙarfe uku na dare don a ba yaro madara, ya sa ta rungume shi a ƙirji ta lulluɓe, ya fi mai rubuta doguwar takardar magani ceton rai a ɗakin jinyar masu tamowa.

Wani abin mamaki shi ne zazzaɓi. Zazzaɓi aikin garkuwar jiki ne, mai tamowa kuwa ba shi da ƙarfin yin sa. Bangon hanjinsa ya yi siriri, ƙwayoyin cuta suna ratsawa su shiga jini, amma ma'aunin zafi ya nuna lafiya lau, ko ma ya yi ƙasa da digiri 35. Dalilin ke nan da ake ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ba a ga alama ba. Ƙyanda kuwa in ta same shi, ta hana shi ci, ta ƙara raunana garkuwar, ciwo ya jawo rama, rama ta jawo ciwo.

Tausayi zai ce a cika masa ciki. Ba haka ake yi ba. In abinci mai yawa ya shiga kwatsam, insulin zai tashi ya kwashi fosfet da fotasiyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin halitta, zuciya ta rikice. Madarar F-75 ake farawa da ita, 'yar kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku. Ba don ya yi ƙiba ake ba shi ba, don gaɓoɓin su farfaɗo ne. Ko da ya ɗashe, ba a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kwanakin farko, domin jikin bai iya sarrafa shi ba tukuna, ƙwayoyin cuta ne za su amfana. Sai kumburi ya saɓe, ya fara neman abinci da kansa, sannan a koma madarar F-100 ko kuma abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. Shi wannan na ledar akwai ƙarfen a cikinsa, kada a ƙara wani. A kuma ja wa uwa kunne ranar sallama cewa magani ne da aka auna wa yaro ɗaya, ba na rabawa da yayyensa ba ne.