Ciwon Gaɓɓai: In Masu Gadin Jiki Suka Juya Wa Jiki Baya

Akwai wani irin amosanin gaɓɓai da yakan kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Gaɓɓan su kumbura, su yi ɗumi. Da safe hannu ya sandare har fiye da awa guda, mace ta kasa riƙe taɓarya, manomi ya kasa damƙar fartanya. Mutane sukan ce sanyi ne, wasu su ce sammu ne. Ba ko ɗaya.

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi. Su ne masu gadin jiki, kamar 'yan banga a ƙauye. Aikinsu yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo sai su rikice, su ɗauki tantanin da ke cikin gaɓa a matsayin baƙo, su far masa. Suna kuma sakin wasu sinadarai masu kiran 'yan'uwansu, kamar mai buga gangi. Babba daga cikin sinadaran likitoci suna ce masa TNF. Gangin ba ya tsayawa, ƙwayoyin sai ƙaruwa. Tantanin ya yi kauri, ruwa ya taru, a hankali guringuntsi da ƙashi su cinye. Abin da ya cinye kuwa ba ya dawowa. Daga nan yatsu ke karkacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke da wannan ciwo, kuma 7 cikin kowane 10 mata ne. Shan taba yana ƙara haɗarinsa.

Ƙwayar rage ciwo da ake saye a kemis tana kwantar da raɗaɗi, amma ba ta hana ƙashi lalacewa. Yawan shanta kuma yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tsaga da ƙaho ba su kai wa ga tantanin nan.

A asibiti akwai maganin da ke lafar da masu gadin, irin su methotrexate. Sau ɗaya a mako ake shansa, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta sha. Tun 1998 aka fara samun allurar da ke toshe TNF, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Wanda gaɓɓansa suka kumbura har mako shida ya je asibiti a auna jininsa, tun yatsun suna miƙe.