Eya kula tana hura iska amma babu sanyi

Wasiƙarmu ta farko daga Damba ta fito, nan Gusau. Wani dattijo ne ya ce eya kular da ya saya bara tana juyawa lafiya lau, amma iskarta ba ta da maraba da ta fanka, ga wani farin abu ya daskare a bayanta.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kada ka yi saurin ɗaukar ta zuwa wurin mai gyara. Wannan na'ura randa ce aka sa wa fanka. Ka san yadda randa ke tsattsafo, iska ta busar da jikinta, ruwan ciki ya yi sanyi? Haka take aiki. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya a Jigawa, har ya ci kyautar Rolex a 2000. To, muddin tabarmar baya, mai kama da saƙar zuma, ba ta jiƙe ba, sanyi ba zai zo ba.

Kunna ta, ka ba ta minti biyar, ka taɓa tabarmar. In ka ji ta a bushe, zare waya daga wuta tukuna, sannan ka buɗe. Farin abin nan daga ruwan burtsatse yake. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishirin cikinsa ya zauna, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Shi ke toshe ƙananan hujojin da ke ɗigo da ruwa daga sama. Sa tsinke ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan famfon da ke kwance cikin tanki kuma, jiƙa shi a ruwan khal ko na lemun tsami, ka goge da tsohon buroshi. Tabarmar da ta ƙandare kamar dutse kuwa, sai sabuwa. Ina roƙonka, Baba, ka gargaɗi yara kada su kunna famfo tanki babu ruwa, ƙonewa yake yi.

Wata Hajiya daga Tsafe ta ce tana rufe taga da ƙofa ruf, amma ɗaki sai gumi. Hajiya, ai eya kula ba esi ba ce. Ajiye ta bakin taga ta sha busasshiyar iskar waje, ki bar ƙofa a ɗan buɗe laima ta fita. Daga Maris zuwa Mayu take cin kasuwarta. Da damina ta sauka, kashe famfon, ki bar fankar kawai.

Wani ɗan'uwanmu na Bungudu kuma yana kukan eya kularsa na wari: ruwan ne ya kwana biyu a tanki, kuma sauro na son irinsa. Zubar da shi duk mako, ka wanke tankin, ka bar fanka ta busar da tabarmar kafin ka kashe.