KAME DA ƘARFI DA GYARAN HALI TA LALAMA

A gundumomi da yawa akwai wuraren da ake tsare da mutanen da ba su iya kare kansu, watau makarantun kwana, da gidajen marayu, da gidajen mari, da asibitocin masu taɓin hankali. Wajibi ne Hakimi da malaminsa su san yadda ake bi da mutanen nan sa'ad da suka tayar da hankali, gama amana ce a wuyan shugabanni.

Tushen mugun hali

Masana a Amurka sun tabbatar cewa duka da cizo da fashe-fashe ba su zuwa haka kawai. Galibi mai yinsu yana neman ɗayan abu huɗu ne: a kula da shi, ko ya kuɓuta daga aikin da ya fi ƙarfinsa, ko ya sami wani abin da yake so, ko kuwa ya rage wani ciwo ko damuwa a jikinsa. A cikin 1985 Edward Carr da Mark Durand suka koya wa waɗansu yara masu raunin fahimta su roƙi taimako da baki idan darasi ya gagare su, sai faɗa da ihu suka ragu ƙwarai. Ashe halin nan magana ce ta wanda bai san yadda zai faɗi bukatarsa ba.

Bisa ga wannan aka gina hanyar gyaran hali ta lalama. Mai kula da yaro zai rubuta abin da ya faru kafin rigima, da irin rigimar, da abin da ya biyo baya. Bayan 'yan makonni dalili yakan fito fili. Daga nan sai a kawar da abin da ke tunzura yaron, a koya masa hanyar kirki ta neman bukatarsa, a kuma yaba masa duk lokacin da ya bi ta.

Haɗarin dannewa

A cikin 1998 jaridar Hartford Courant ta Amurka ta ƙidaya mutum 142 da suka mutu cikin shekara goma saboda dannewa ko kullewa a ɗaki. Mafi haɗari shi ne kwantar da mutum rubda ciki a hau bayansa, domin ƙirji ba ya samun buɗewa. Yana fafutukar neman numfashi, masu riƙonsa suna zaton taurin kai ne, sai su ƙara dannawa.

A Ingila, a cikin 2011, BBC ta tona asirin azabar da ake yi a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol. Aka rufe shi, aka sami ma'aikata 11 da laifi. A cikin 2014 Gwamnati ta ba da umurni kada a kwantar da majinyaci rubda ciki da gangan. A nan gida kuma, a watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Ƙa'idodin kame

1. Ba a kama mutum da ƙarfi sai in zai ji wa kansa ko wani ciwo, kuma lallashi ya ci tura.
2. Kame ba horo ba ne. Ba a yinsa don huce haushi ko don ƙarancin ma'aikata.
3. Kada a taɓa wuya, ko a danne ƙirji ko baya. In ya ce numfashinsa yana sarƙewa, a sake shi nan take.
4. Da haɗari ya wuce, a sake shi, a duba jikinsa.

Aikin Hakimi da malaminsa

Ya kamata Hakimi ya riƙa kai ziyara wuraren nan ba da sanarwa ba, ya ga ɗakunan kwana da idonsa, ya duba wuyan hannu da idon sawun yara. Malami kuwa ya nemi littafin da ake rubuta kowane kame: rana, da dalili, da tsawon lokaci, da sunayen waɗanda suka yi. In sunan yaro ɗaya ya yi ta maimaituwa, alama ce ba a gano dalilinsa ba tukuna. Inda aka ga mari ko tabon rauni, lalle ne a kai rahoto ga Sarki da jami'in jin daɗin jama'a a ranar.